Baba Yana Ƙwace Bindigogin Kaboyinsa

Gwaggo Lamai, ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Mahaifina, Sanoh, ya ƙare ƙuruciyarsa yana zana wa gidajen silima na Bangkok fostocin finafinan kaboyi. Fim ɗin ma ba ya gani. Hotuna biyu-uku ake miƙo masa, a ce ya cika doki da bindiga. In an gama bugawa sai ya karɓo ainihin zanen ya ajiye a saman sif. Sun taru da yawa.

Bara ya tsiri wani abu. In ya dawo daga zuba wa sufayen addinin Buddha sadakar shinkafa da safe, sai ya sauko da guda, ya dama fenti, ya shafe bindigar. Ga hannun yanzu rawa yake yi. Sai ki ga ƙato da malafa, ya haɗe rai, yana nuna mutane da wani abu kamar curin laka. Da na yi magana, wai shi ya raba musu makaman, shi zai karɓe abinsa kafin ya tafi.

Wani gidan adana kayan tarihi yana son baje kolinsu da sunansa, abin da bai taɓa samu ba, amma ba sa son wanda aka taɓa. Shi ne na kwashe ragowar na kai gidan yayana Wirat, na ce wa Baba gara ta cinye. Ya wanke buroshi, ya rufe gwangwanayen fenti. Yanzu wuni yake a baranda yana kallon kogi, abinci ma sai an yi da gaske. Wirat ya ce in ƙyale shi, zai manta. Ni dai tsoro nake ji.

'Yar mai zane, unguwar Thonburi, Bangkok

'Yata, ba mugunta kika yi ba. Aiki ne mai daraja, kuma abin da aka shafe ya tafi ke nan. A nan kina da gaskiya. Sai dai zanen nasa ne, kuma yana cikin hankalinsa. Kada ki ruɗi kanki da zancen gara: wanda ya tsufa yana ajiyar kwali ya san ɓarnarta, kuma ba ta share wuri tas. Ya san ke ce, kara kawai yake miki.

Ki sa a ɗauki kowanne hoto mai kyau, sannan ki mayar masa da su duka. Ki faɗa masa gaskiya, har da maganar baje kolin. Daga nan ki roƙi wasu, roƙon 'ya a wurin uba. In ya ba ki, madalla. In ya hana, sai haƙuri.

Masu baje koli za su iya jira, shi kam ba shi da wannan lokacin. Duk rayuwarsa wasu ke faɗa masa abin da zai zana. Wannan ne aikin farko da ya sa kansa, kada a ce ke kika hana shi gamawa.

Ina muku fatan alheri. Ki gaishe min da tsohon.

Gwaggo Lamai