Fanko a Bindigar Baba

Karaçam, 4 ga Satumba, 1988

Yaya Hayrettin,

Assalamu alaikum. Ina sumbatar hannunka, ina gaida matarka Şükran da yara. Mun gama tsinkar fındık, gyaɗar bishiyar nan tamu, masara ta kusa, aladun daji kuma sun fi mu sanin haka.

Ba zan yi kwana-kwana ba. Likita a Giresun ya duba idon Baba, ya ƙi sa hannu a takardar izinin bindiga. Jandarma sun ce zuwa ƙarshen Oktoba ko dai magaji ya karɓe ta da sunansa, ko su tafi da ita. Ni mijina ko kaza bai iya yankawa ba, ka san shi. Saura kai.

Baba bai ce in rubuto ba. Kullum dai yana zaune a bakin murhu yana goge ta, yana jera harsasan nan nasa masu lamba tara-da-uku yana lalubarsu da yatsa. Wallahi raina ɓaci yake in na gani. Shekara goma sha tara kuna gaba, bai isa ba?

Ƙanwarka,
Gülizar

Bursa, 15 ga Satumba

Gülizar,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, Allah Ya ba Baba lafiya.

Kina ƙarama lokacin, bari in faɗa miki abin da ba a faɗa a gida. Na raina bindigar Baba. Na ce harsashinta na tsofaffi ne, ba gudu, ba ƙara. Ranar farautar gayya na aro wata ƙatuwa wajen wani baƙo, mai harsashi kamar yatsan ƙato. Sau uku na gwada ta, ta kusa cire mini kafaɗa. Da aladen ya ɓullo, tsoron dukanta ya sa na runtse ido kafin in ja kunama. Na same shi a ciki maimakon kafaɗa. Ya juya ya farke karenmu Duman, sannan ya farke cinyar Baba. Ɗingishin da kika taso kika gani, ni ne.

Ana ɗauke da shi a kan tsani ya ce mini, a gaban mutanen gari, "Hannunka kada ya sake taɓa bindiga." Na yi biyayya har yau. Ki bar jandarma su ɗauka.

Yayanki,
Hayrettin

Karaçam, 27 ga Satumba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na karanta wa Baba takardarka, kada ka yi mini faɗa, an riga an yi. Da na gama, ya ce in ɗauko alƙalami. Ga maganarsa yadda ta fito:

"Gaya wa shashashan nan, tara-da-uku ba na tsofaffi ba ne, na masu son komawa gida ne. Yana da nauyi, ba ya gaggawa, ya fasa ƙashi ya wuce, kuma ba ya dukan mai shi. Da shi na kayar da alade ya fi a ƙirga, shekara arba'in bai taɓa ba ni kunya ba.

"Gaya masa kuma, ubana da ya koya mini harbi, juya mini baya yake ya ɗura bindiga, wani lokaci da harsashin gaske, wani lokaci da fanko marar albarushi. In ka ja kunama a kan fanko bakin bindiga ya yi tsalle, to tsoro ya shige ka, sai a cire maka shi kafin ka shiga daji. Kowane yaro a garin nan na yi masa haka. Ɗana ne kaɗai ban yi wa ba, don ina taƙama jinina ba ya zabura. Rannan na ga baƙuwar bindiga a hannunsa, na ga yana murza kafaɗa, na yi shiru don kada a ce ni Dursun ɗana ya ji tsoro. Ƙafar nan rabi nasa, rabi nawa."

Daga nan ya ce hayaƙin murhu ya dame shi, ya fita. Yaya, murhun a kashe yake. Ka zo, don girman Allah.

Gülizar

Bursa, 6 ga Oktoba

Ƙanwata,

Na karanta takardarki sau nawa ban sani ba. Şükran ta ce in ban tafi ba ita za ta tafi. Zan hau motar Juma'a. Amma ki gaya masa ba zan karɓi bindiga ba sai ya gwada ni yadda ya gwada kowa. In na zabura, ni da kaina zan kai ta ofishin jandarma. Tambayata ɗaya: mutumin da ba ya gani, ta yaya zai san bakin bindiga ya motsa?

Ki sumbatar mini hannunsa.

Hayrettin

Karaçam, 16 ga Oktoba

Şükran,

Na iso lafiya, ki gaida yara.

Jiya da hantsi muka je bayan gonar masara. Baba ya juya baya ya ɗura, ya miƙo mini. Sai ya tsaya a bayana ya ɗora tafinsa a kafaɗata, ya ce da nan zai gani. Shekara goma sha tara rabon da ya taɓa ni.

Na ja kunama. Ƙyas, fanko ne. Na zabura, Şükran, har haƙorana suka haɗu. Na sauke bindigar na ce shi ke nan, gobe zan kai wa jandarma.

Bai ɗauke hannunsa ba. Ya ce, "Wa ya ce ka sauke? Ni sai da na yi sau ashirin. Miƙo in sake ɗurawa."

Ki gaya wa maigidana a masaƙa zan ƙara mako biyu. Ki aiko mini da takardar haihuwata, jandarma suna nema.

Mijinki,
Hayrettin