Daɓen Ƙofar Gidan Ladan

Bodinga,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Yaya Kaltume,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da aikin asibiti. Mu nan sai godiya. Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Mode direba. Wayata ce ta faɗa cikin kwaɓin siminti, ban gan ta ba sai da shebur ya ɗebo ta, mai gyara kuwa ya ce in yi haƙuri kawai.

Albishirinki! Mun daɓe hanyar Baba. Tun daga bakin zaure har ƙofar masallaci siminti ne sumul. Kin tuna daminar bara da santsi ya kwashe shi a bakin kwata, kika rantse in ya sake faɗuwa sai kin ɗauke shi ya koma wurinki Shagari. Ni kuwa na san Baba. Tun kafin idonsa ya tafi shi ne ladanin masallacin nan, bayan ya tafi ma bai taɓa yarda wani ya ja masa sanda ba. In aka raba shi da kiran sallar nan an gama da shi. Shi ya sa na ce bari in riga damina.

Ba mu ɗauki birkila ba. Me birkila zai yi da ban gani ba lokacin da ake ginin sabon aji a makarantarmu? Ni na kafa katako, ni na kwaɓa, matata Safiyya na miƙo ruwa daga cikin gida, Hamza maƙwabcinmu na tura baro yana ba da shawarar da ba wanda ya tambaye shi. Sai da na share hanyar tas kafin in zuba. Saiwar dogon yaron nan da ta gitta hanya na sare ta. Tsohon dutsen niƙan da ya nutse a ƙasa kusa da katangar su Hamza mun tono shi. Kwatar kuma na sa mata bututu na rufe. Yanzu babu abin da zai sa mutum tuntuɓe.

Da ya bushe na kamo hannun Baba na ɗora a kai. Ya shafa, ya sake shafawa, ya ce, "Kai kay yi wanga, Auta?" Na ce ni ne. Ya ce, "Allah shi yi ma albarka." Wallahi Yaya, ji na yi kamar an ba ni kujerar Makka. Yanzu gefen daɓen yake bi da sandarsa, ƙwas ƙwas, har masallaci.

Saboda haka ki kwantar da hankalinki, Baba yana nan gidansa. Safiyya na gaishe ki.

Ƙaninki,
Ubaidullahi.

*

Shagari,
Laraba.

Auta,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku duka, ka durƙusa ka gaishe mini da Baba.

To sannu injiniya. Malamin firamare ya koma birkila, waya ta koma tsakuwa. Ka dai riƙa ba daɓen ruwa safe da yamma, ka lulluɓe shi da tsofaffin buhuna, kada rana ta tsaga maka shi ka zo kana yi mini kuka.

Ba'a nake yi maka, amma na ji daɗi har raina. Tun da Inna ta rasu ka zama kamar wanda aka ɗinke wa baki, yau ga ka da surutu har bayan takarda. Allah Ya saka maka da alheri.

Sai dai ina nan a kan bakana. Ni ke jinyar tsofaffin da suka karye a ƙugu, na san yadda suke ƙarewa. Ɗakin da na gyara masa ban zuba kaya a ciki ba tukuna.

Yayarka,
Kaltume.

*

Bodinga,
Ranar Litinin.

Yaya Kaltume,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya. Ki gafarce ni da na daɗe ban rubuto ba, ban san ta inda zan fara ba ne.

Da farko dai daɓe ya yi farin jini. Hamza ya ce ba zai yiwu ƙofar gidan ladan ta yi kama da ta gwamna tasa tana kama da turke ba, ya zuba nasa ya haɗe da namu. Da na gaba ya gani shi ma ya zuba. Kin san halin mutanenmu, in ɗaya ya ɗinka hula kowa sai ya ɗinka. Yanzu layinmu daga katanga zuwa katanga siminti ne, har masu Keke Napep sun mai da shi hanya.

To ga abin da ya ɗaure mini kai. Ranar Alhamis Baba ya fita kiran Azahar, muna jira mu ji lasifika, shiru. Ashe yana zauren Hamza. Hamza ya ce ya same shi yana laluben bango, da ya ji motsi sai ya ce, "Gaisuwa niz zo yi." Hamza ya ce, "Malam, ai yanzun ga munka gaisa." Baba ya ce gaisuwa ba ta yawa. Ranar sai da aka makara da sallah.

Washegari na dawo daga makaranta na gan shi tsaye a tsakiyar layi, cikin ranar nan mai zafi, ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, yana murza tafin ƙafa a kan siminti. Na ce Baba lafiya? Ya ce, "Iska ni ka sha." Wace iska, Yaya, da tsakar rana? Na ce in raka shi, ya daka mini tsawa.

Na zaci ko wani abu na yi masa. Amma duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ce, "Kun ga aikin Auta?" ya yi ta sa mini albarka har kunya ta kama ni. Mai fushi ba ya haka. Gwaggo Mariya ta zo ta duba, ta ce, "Kun liƙe ma mutanen ɓoye hanya, ina ku ka so su bi?" Ta sa Safiyya ta yi ta turare har muna tari. Hamza ya ce wai siminti na jan zafi ya hau kai. Safiyya ta ce kewar Inna ce. Ni duk wanda ya faɗi tasa sai in ga kamar shi ne mai gaskiya.

Jiya Liman ya ja ni gefe, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce ko za a bar Aminu mai shago ya riƙa kiran sallah kafin Malam ya ji sauƙi. Na ce sauƙin me, ai lafiyarsa ƙalau.

Baba dai bai faɗi ƙasa ba, Yaya, ko sau ɗaya. Wannan kam ki rubuta ki ajiye. Amma ke ce ma'aikaciyar lafiya, ki gaya mini mene ne wannan.

Ƙaninki,
Ubaidullahi.

*

Shagari,
Talata.

Auta,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa a taƙaice.

Ka bar zancen Gwaggo da turarenta. Abin da ka kwatanta na sha ganinsa, kuma ba na son sunansa. Tsoho ya ɓace a hanyar da ya sani, ya tsaya bai san abin da ya fito yi ba, in an tambaye shi ya ƙirƙiro dalili, haka ruɗewar tsufa take farawa. Allah Ya sa ba ita ba ce.

Ka zauna da shi cikin hira, kada ya gane gwaji ne. Ka tambaye shi wace rana ce yau, me ya ci da safe, sunayen jikokinsa. Ka lura ko yana yawan shan ruwa, ko bakinsa ya karkace.

Ka ce bai faɗi ba. Auta, faɗuwa ta fi wannan sauƙi. Yau zauren Hamza ne, gobe bakin titi ne da manyan motoci. Na yi magana da Mode, ranar Asabar ta sama zai zo da mota ya ɗauko mini shi. Kada ka yi mini gardama. Na san zai ji zafi, ni ma ina kuka nake rubuta wannan, amma gara ya yi fushi da ni yana raye.

Yayarka,
Kaltume.

*

Bodinga,
Ranar Alhamis.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da mutanen gida.

Na yi masa tambayoyinki. Tun a ta biyu ya gano ni. Ya jero jikokinsa har da wanda Safiyya ke ɗauke da cikinsa, da ba mu gaya wa kowa ba, sannan ya ce, "Hwaɗa ma likita hankalina na nan, ta binciki nata." Na fito na ƙara ruɗewa.

Da na gaya masa zancen Liman sai ya daina fita. Aminu ke kira yanzu. In lasifika ta ɗauka sai ki ga Baba a zaure ya miƙe zaune, leɓunansa na bin kiran a hankali, har inda yake jan numfashi. Sai an zo an kama hannunsa a kai shi jam'i, shi da bai taɓa yarda da haka ba. Abinci ma sai a mayar da kwano kamar yadda aka kawo.

Shekaranjiya mai gidan ƙarshen layi ya roƙe ni in taya shi zuba nasa daɓen, tunda yanzu ni ne gwanin unguwa. Ina zazzage buhu iska ta kwaso garin siminti ta watsa mini a ido. Yaya, wuta! Na kasa buɗe ko ɗaya. Na ce su ci gaba da aiki kada kwaɓi ya sandare, gida ai ga shi nan, zan je in wanke. Na kama hanya ido rufe. Layin da aka haife ni a cikinsa. Na yi tafiya ina jiran in ji wani abu a ƙafata da zai ce mini ga inda nake, babu. Gaba sumul, baya sumul, dama da hagu duk ɗaya. Na ji ƙofa na shiga, sai muryar matar Hamza na ji tana salati.

A nan bakin randarsu, ina wanke ido, Baba ya faɗo mini a rai.

Na dawo na zauna gaban Baba, na ce, "Baba, da can yaya kake gane hanya?" Can ya ce, "In nit taka saiwar icce, na san na yi rabi. In nij ji dutsi, in karkata dama. In sanyin kwata ya taɓa ni, in tuɓe takalmi, na iso. Da kar rufe su ina bin gefen daɓe. Da maƙwabta sunka haɗe nasu, gefen ma ya tai. Ƙasa ta yi shiru, Auta."

Na ce, "To mi ya hana ka hwaɗa min?"

Ya ce, "Ranar da kak kama hannuna kaɗ ɗora bisa daɓen ga, dariya ka kai. Tun rasuwar Innarku ban ji ta ba. Mi ka ka so in ce ma?"

Yaya, ban san lokacin da na fashe da kuka ba, ƙato da ni. Na ce gobe-goben nan zan fasa shi. Ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Kul! Aikin kirki na. Tsohi nawa za su bi shi da damina ba su hwaɗi ba? Ka bar daɓenka. Ni za ni tai Shagari, Mode shi taho." Ya sa Safiyya ta haɗa masa kaya, ga jakar nan ya jingina a bakin ƙofar ɗakinsa, har da buzun sallarsa a naɗe a kai.

Ashe lafiyarsa lau, ni ne ciwon. In na fasa na saɓa masa, in na bari na kore shi daga gidansa da hannuna. Kuma ko na fasa, saiwar ta riga ta shiga murhu, dutsen kuma Gwaggo ta sa an kai mata gida. Ban taɓa rasa abin yi irin na yau ba. Ki yi mini addu'a.

Ƙaninki,
Ubaidullahi.

*

Bodinga,
Asabar da yamma.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ga Mode nan, amma babu Baba a motar. Kada ki yi masa faɗa, ni na tsayar da shi.

Na saɓa wa Baba. Tun da safe na ɗauki diga na tsaga tsakiyar daɓena, faɗin ƙafa biyu, daga zaure har masallaci, sai da ƙasa ta fito. Hamza ya tsaya yana kallona, ya ce, "Malam Ubaidu, sabon yayi na? Mu ma mu hwasa namu?" Na ce ya kawo guduma dai.

Da La'asar ta gabato Baba ya fito yana faɗa, ƙafarsa ta faɗa cikin tsagar, sai ya tsaya cak. Ya tuɓe takalmi. A hankali ya tafi, tsakuwa ta yanke shi a ɗan yatsa, bai tsaya ba, ba wanda ya taɓa shi. Aminu ya riga ya kai hannu kunne, da ya hango shi sai ya ja da baya. Baba ya fara kira, muryarsa ta yi rawa da farko, daga baya ta miƙe.

Har yanzu bai yi mini magana ba. Ya dai ce wa Liman na ɓata aikin kirki. Amma da ya dawo ya ce wa Safiyya ta kwance jakar, ta mayar masa da buzunsa inda yake.

Ki aiko da maganin rauni. Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Ubaidullahi.