Awa Ɗaya da Aka Mayar Baya

Toulouse, Faransa
12 ga Nuwamba, 2006

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jiki, yaya ƙarin haƙuri? Ina fatan ƙanwata Dinah tana nan tare da ke a Rikoto. Ni lafiya lau, ina cin abinci, barci ne kawai ba ya zuwa sosai.

Aiki yana tafiya. Agogon da muke haɗawa sararin samaniya za a kai shi. Da hasken leza muke sanyaya ƙwayoyin zarra har su kusa daina motsi, da su ake ƙirga lokaci. An ce zai yi miliyoyin shekaru bai yi kuskuren daƙiƙa ɗaya ba.

Mama, akwai abin da na kasa faɗa miki. Lahadin da kuka ɗora Baba a mashin zuwa rumfar mai waya, ba aiki ne ya riƙe ni ba. A nan, ƙarshen Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya. Kullum da biyar nake kira, huɗunku ke nan. Ran nan biyar ɗinmu ta zama biyar ɗinku, ni kuwa na manta. Da na kira, mai waya ya ce tsohon soja ya jira har jiri ya ɗebe shi, an mai da shi gida. Talata ya rasu.

Ki ajiye mini agogon hannunsa. Dinah ta riƙa wana shi kowace safiya, yadda yake yi.

Lahadi mai zuwa zan kira da huɗu. Tun uku zan zauna gaban wayar.

Allah ya riƙe ki.

Ɗanki,
Philemon