Waƙar Inna Kulu Ba Ta Shiga Ba

Gwandu, ranar Talata.

Zuwa ga Yayana Abdulhakeem,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Khairiyya da yara. Yaya Kalgo, yaya shago? Mu nan lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake, kuma da kai nake.

Ga kayanka nan na ba Sambo direba ya maido maka: makirufo, da igiyarsa, da ɗan akwatin sautin da ake jonawa da kwamfuta. Yaya, kai da kake gyara wa masallatai lasifika, a ce ƙanwarka ce za ka aiko wa kayan da ba su ji?

Ranar Asabar muka je Malisa, ni da maigidana Baban Jidda. Kakarmu Inna Kulu ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a bakin rumbu, ta yi mana waƙoƙin daka da na niƙa har muryarta ta dushe. Ni na riƙe mata makirufo, shi kuma ya zauna gaban kwamfuta, don ya fi ni sanin manhajar. Muka dawo gida da murna, muka kunna. Wallahi ba abin da ke fita sai wani "shuu" kamar iska. Na ƙure ƙara, na sauya ramin da ake jona akwatin, na kashe kwamfutar na kunna. Na duba inda ka nuna mini ana zaɓar makirufo, sunan akwatinka ne a wurin. Baban Jidda ya ce igiyar ce ta tsinke daga ciki.

Ka san abin da nake nema. Umma ce 'yar farin Inna, kuma don kunya har Umma ta rasu Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yi mata fara'a a gaban mutane ba. Amma tsofaffin Malisa sun ce ta yi mata waƙa ranar da ake dakan bikinta, kuma tun daga ranar ba ta ƙara rerawa ba. Na daɗe ina lallashinta, yanzu ta ce ƙila. Tsohuwar nan ƙarfinta raguwa yake yi. Don Allah ka gyara ka maido da wuri.

Ka gaida mutanen gida duka.

Ƙanwarka,
Halimatusa'adiya

Gwandu, ranar Lahadi.

Yaya Abdulhakeem,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan zazzaɓin Anti Khairiyya ya sauka. Kaya sun iso, da sabuwar igiyar da ka ƙara, Allah ya saka da alheri. Na ga ka rubuta cewa ka gwada komai a shago ba ka ga matsala ba. Ni ma na gwada a ɗakina, na yi magana, koren layin nan na kwamfuta ya yi ta tsalle, na kunna na ji muryata ras. Har na ji kunyar faɗan da na yi maka.

Jiya muka koma Malisa. Inna ta fara da waƙoƙin da kowa ya sani, har da ta Ɗalha, kakan Baban Jidda, wanda aka ba ajiyar irin gero na gari a shekarar yunwa ya sayar. Matan gidan suka yi ta dariya. Shi ma Baban Jidda ya yi murmushi, ya ce tsohuwa ba ta mantuwa.

Can sai Inna ta kori kowa, ta bar mu mu uku. Ta juya fuskarta wajen bango, ta fara waƙar Umma. Yaya, ta kira sunanta. A'isha, da bakinta, a cikin waƙa. Hawaye na zubo mini, ban ko tsaya riƙe baitocin ba, tunda na san na'ura na ɗauka. Da ta gama ta share fuska da gefen zane, ta ce ta sauke, kada a sake tambayarta.

Muka dawo muka kunna. Shuu ɗin nan dai, ba ƙari ba ragi. Na zauna a ƙasa na rasa abin yi. Baban Jidda ya yi ta ba ni haƙuri, ya ce kayan aro dama haka suke, wata rana su yi wata rana su ƙi.

Da na kira ka ka tambaye ni ko jar fitilar akwatin na kunne lokacin ɗauka, wadda ka ce in ta mutu makirufo ba ya samun wuta. Ban gani ba. Baban Jidda yakan rufe akwatin da hankicinsa saboda ƙasa da ƙaiƙayi. Asabar mai zuwa za mu koma, zan duba da idona. Ko da durƙuso ne sai na roƙi Inna ta maimaita. Ka taya ni da addu'a.

Taka,
Halimatusa'adiya

Malisa, ranar Alhamis.

Yayana,

Ina gaishe ka, ina fatan kuna lafiya. Ka riga ka ji a waya cewa jikin Inna ya shanye ɓari ɗaya. Tana cin abinci kaɗan, tana gane mutane, amma baki ya tafi, kuma likita bai ba mu wani fata ba. Sauran maganar ba ta waya ba ce, shi ya sa na rubuto.

Ranar Asabar mun zo kamar yadda na ce. Inna ta fara wata waƙar niƙa sai tari ya sarƙe ta. Na miƙe da sauri in ɗebo mata ruwa, gefen mayafina ya ja hankicin ya faɗi. Fitilar a mace take, Yaya. Na dubi Baban Jidda, ya ce yanzun nan ta ɗauke. Na sa yatsa na danna maɓallin da ke kunna ta, ta kama nan take, koren layi ya fara tsalle da tarin Inna. Na durƙusa na roƙe ta waƙar Umma. Ta ce ai ta riga ta ba ni, ba a yin irin wannan sau biyu. Ranar Litinin ta faɗi a bakin randa.

Na tsare Baban Jidda da tambaya, bai ma wahalar da ni ba. Ya ce shi ya riƙa kashewa tun zuwan farko. Wai yana neman shugabancin ƙungiyar manoma, kuma in waƙar kakansa ta shiga wayoyin mutane, abokan takara za su riƙa kunna ta a kasuwa. Wai bai san lokacin da Inna za ta jefo ta ba, sai ya ga gara ya kashe gaba ɗaya. Na ce to ranar da ta juya wa bango fuska fa, bayan ta riga ta wuce ta Ɗalha? Ya ce ya so ya kunna, amma ya ji tsoron in ɗaya ta fito zan gane sauran da gangan ne.

Yana zaune yana kallona ina kuka da makirufo a hannu, ya san ba abin da ke shiga. Shi ya riƙa taya ni sauya igiya, shi ya sa na yi maka rashin kunya a kan kayanka. Wannan ne ya fi ci mini rai. Da ya ce mini a cire waƙar kakansa, wallahi da na cire. Waƙar da ko yaran Malisa sun haddace, wa ya ɓoye wa ita?

Ina nan Malisa ina jinya, ban ce masa ga ranar komawata ba. Yana ta aiko da saƙon ban haƙuri, ban amsa ba, don ban san me haƙurin zai maido mini ba.

Kullum in na gama ba Inna kunu sai in zauna kusa da ita in gwada rera abin da na tuna, ko za ta gyaɗa kai in na yi daidai. Karin kawai nake kamawa, kalmomin sun zube. Akwai wani wuri da ta ambaci ruwan sama da ƙwarya, ban san me ya zo kafinsa ko bayansa ba. Jiya ta kalle ni ina ta lalube, bakinta ya motsa, ba abin da ya fito, sai hawaye.

Ka zo ka gan ta, kada ka jinkirta. Kuma ka yafe mini, Yaya. Na yi niyyar in kawo maka har Kalgo, ka sa a kunne ka ji Inna ta kira sunan Umma. Ni na ji sau ɗaya ban riƙe ba, kai ko sau ɗayan ba ka samu ba.

Ƙanwarka mai kewarka,
Halimatusa'adiya