Kwanar Rijiya

Litinin, 9 ga Satumba

Majalisar gari ta yanke. Ƙarshen wata za a rufe filin tseren motoci, a gina sito a wurin. Loris ne ya faɗa mini a shagon kofi, ko zama bai yi ba. Ni da shi mun fi shekara talatin muna ɗaga wa masu tsere tuta a Kwanar Rijiya, ko ana rana ko ana ruwa.

Na dawo na gaya wa matata Nives tana murza fulawa. Ta ce, "To, su ma sun ɗanɗana." A filin nan babanta yake kafa lilonsa mai dawakan katako, lokacin filin na bikin shekara ne, kafin a kore su a zuba kwalta. Tun da na aure ta ba ta taɓa taka ƙofar filin ba.

Alhamis, 12 ga Satumba

Likita. Idon hagu ya tafi, na dama yana bin bayansa. Babu sauran tuƙi. 'Yata Wilma ta jefa makullin motata a jakarta, ta ce, "Baba, kar ka dube ni haka." Na ce da wane idon?

Asabar, 21 ga Satumba

Ranar ƙarshe za a bar kowa ya zagaya filin da motarsa, sau ɗaya. Ni duk shekarun nan a gefe nake tsaye, ban taɓa hawa kwaltar da mota ba. Loris ya ce, "Ottavio, zo ka matse cikin jikokina, ko in sa ka a but." Ba na so. Da tawa nake so. Wilma kuma tana da aiki a asibiti ranar.

Laraba, 25 ga Satumba

Ban ci abinci ba. Nives ta ɗauke faranti, ba ta tambaya ba.

Lahadi, 29 ga Satumba

Da safe na ji an tayar da mota a tsakar gida. Nives ce, da rigar zuwa coci. Ashe ta karɓo makullin a wurin Wilma tun jiya. Ta ce, "Shigo, tsoho. Amma in ka koya mini tuƙi zan sauke ka."

Motoci sun yi layi har gidan mai. Da muka hau, kowa ya taka wuta, ita ko tana tafiya kamar mai bin gawa. Ana ta yi mana oda. Na buɗe baki zan ce ta ƙara, sai ta rigaye ni.

"Nan masu soya kifi suke." Muka ɗan gusa. "Nan rumfar harbi, ta wani gurgu mai cutar yara." A miƙaƙƙen titin da motoci suka fi gudu ta ce nan ake jera shanun sayarwa, ƙuda har cikin baki. Ni inuwa kawai nake gani da farin fenti.

A kwanarmu ta taka birki, ta tsaya cak. An hana tsayawa a nan, ni ne ma mai hanawa. Ta ce, "Ka san me ya sa ake ce mata Rijiya?" Na ce suna ne kawai. Ta ce, "Akwai rijiya. Daga nan nake ɗebo wa Baba ruwan wanke dawakai. Lilon yana can, inda kake tsayawa da tsummanka." Sannan ta ce ranar da aka kore su, babanta da kansa ya kwance dawakan, ya jera su a mota, bai bar kowa ya taɓa ba.

Loris ya zo wucewa, ya leƙo, ya ce, "Uwargida, ke ce ta ƙarshe." Ta ce, "Na riga ku zuwa."

Mun gama zagayen. Ban ji abin da na zaci zan ji ba. A hanya mun sayi gurasar piyadina, muka ci a cikin mota.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Lahadin farko babu ƙarar inji. Ina jin ƙararrawar cocin ƙauyen gaba, ban san tana isowa nan ba.

Talata, 22 ga Oktoba

Loris yana tara sa hannu, wai a dakatar da aikin. Na sa. Shi ma ya san ba abin da zai hana. Na tambayi Nives launin dawakan. Ta ce sai yanzu?

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Katafila ta fara ɓare kwalta. Wani ma'aikaci ya ce sun tarar da daɓen jan bulo a ƙasa, zagayayye. Nives ta ce dandalin rawa ne, ta ɗauki mayafinta. Na bi ta don kar ta faɗi a tsakuwa, ko da yake ita ce ta riƙe ni.

Mun tsaya a bayan shingen waya. Tana faɗa mini inda masu kiɗa suke zama, da yaron da ya fara neman ta rawa, wani mai manyan kunnuwa. Ban ji daɗin wannan ba.

Ta ce gobe mu koma kafin su fasa. Na ce ina da abin yi. Na dai goge takalmana, na ajiye a bakin ƙofa.