Kyamarar da Aka Ce Ta Nutse

Zuwa ga maigidana, Malam Garba mai hoto,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kewa mai yawa. Na san babu mai kai maka takardar nan, ba kuma za ka karanta ta ba. Amma magana ta cika mini ciki, kuma kai kaɗai ne ba za ka ce in yi shiru ba.

Yara suna lafiya. Ladidi ta fara tafiya. Shagonka na bakin kasuwa wani tela ne a ciki yanzu, ya bar labulen da amare suke tsayawa a gabansa. Bana ruwa bai cika fadama ba, masunta suna ta cewa an tare kogin can sama.

Malam, ka tuna baƙon nan da ya zo daga Kano a Landiroba, Malam Isiyaku? Wanda ya ce ana gina wani babban lambun shaƙatawa a birni, an bar wani sashe daji, suna son hotunan tsuntsayen Haɗejiya don ƙawata rumfar baƙi. Murna ta hana ka cin abinci. Kullum hoton amare da na fasfo kake yi, alhali zuciyarka tana wajen zalɓe da dinya, ga shi yau wani ya ce abin yana da daraja. Ni kuwa tun da ya zauna a zaure yana jujjuya kyamararka, yana tambayar yadda ake buɗe ta, raina bai kwanta da shi ba.

Ku uku kuka shiga kwalekwale da safe, kai da shi da Ɗanjuma masunci. Biyu suka dawo. Suka ce iska ta kifar da ku, kai da kyamarar kun nutse tare. Kai da aka haifa a bakin kogi? Kai da kake ƙetare shi da damina, rigarka a naɗe a ka? Na haɗiye, na ce ajali ba ya tambayar gwani.

To, watan jiya Yaya Hamza ya kai kaya Kano da motarsa, ya shiga lambun nan. Da ya dawo bai yi mini bayani ba, ya dai ce in shirya. Ya kai ni.

Na ga dajin nasu, ciyawa ce da 'yan bishiyoyi a cikin shingen waya. A rumfar kuwa hotuna ne jere, sunan Malam Isiyaku a ƙarƙashin kowanne. Na san idonka, Malam. Wa yake durƙusawa har sai ruwa ya cinye rabin hoto in ba kai ba? A ɗaya daga ciki gauraka biyu ne a tsaye, an ɗauke su daga cikin kwalekwale. A goshin jirgin ga langar ɗumame, ɗaure da ɗankwalina mai zanen ganye. A ranar na ɗaure maka ita, ban taɓa ba ka shi ba kafin nan.

Ba kai ka koya mini fim da ruwa ba sa shiri ba? To ta yaya hoton ranar ya fito tas?

Na nemi ganin mutumin, aka ce ya yi tafiya. Da Yaya Hamza ya sake komawa, an sauke hoton nan guda, sauran suna nan. Ɗanjuma kuma ya sayar da komarsa ya koma wajen Birniwa, inda ba ya kamun ko tarwaɗa. Na aika masa sau da dama, bai amsa ba.

Kawunka ya ce in bar wa Allah, zato zunubi ne. Na bar wa Allah. Ban ce mutumin ya tura ka ba, ban gani ba. Amma wanda ya fito daga kogi da kyamara a bushe, da wane hannu ya yi ƙoƙarin ceton ka?

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk mitar da nake yi idan ka dawo da taɓo har gwiwa, a baki ne kawai. In ka fita, ɗauko hotunan tsuntsayen nan nake yi in zauna ina kallo. Zan nuna wa yaranka su, in faɗa musu sunan wanda ya ɗauka.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yi mana hukunci da gaskiya. Sai mun zo.

Matarka,
Uwani