Kada a Ƙona Kaskar Bana

Zuwa ga Baffa, a Kiyawa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa. Yaya Inna da ciwon gwiwarta? Yaya ƙanena Misbahu da shanu?

Ni lafiya lau nake a nan Sikotilan. Sanyi ne dai ya ɗan farfasa mini hannu, ga wanke-wanken da nake yi a wani gidan abinci bayan darasi, amma kada a gaya wa Inna.

Baffa, digirina na biyu ya kusa ƙarewa, tallafin karatuna ma haka. Ina neman gurbin na uku a nazarin halittu, kuma masu biyan kuɗin karatun sai sun ga tambayar da ta cancanci bincike. In ban kawo ba, gida zan dawo.

Sai na tuna jar saniyarmu. Kullum da safe muna cire wa sauran kaska muna watsawa a wuta, ita kuwa da ƙyar a samu ɗaya a jikinta. Me ya sa? Jininta ne, ko wani ganye take ci? 'Ya'yanta ma haka suke? Malamata ta ji labarin, har ta ajiye shayinta don mamaki.

Don Allah bana kada a ƙona kaskar. Misbahu ya zuba ta kowace saniya a kwalba daban, ya kai wa ƙawata Na'ima a Dutse, ita za ta aiko mini da su don bincike. Maƙwabta za su yi dariya, a bar su. Kaska ta daɗe tana shan jinin shanunmu, lokaci ya yi da za ta biya mini makaranta.

A saka ni a addu'a.

'Yarka,
Adawiyya